Ƙayar da Ta Soki Baba a Bakin Gonar Gero

Akwai wata Asabar ta tsakiyar damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kai ni ga manta inda na ajiye hulata. Ranar ce aka fara ba ni jagorancin tafiya a ƙungiyarmu ta masu hawan duwatsu a Dutse, kuma ranar ce saura ƙiris in kutsa da mutum ashirin da biyu cikin gonar wani bawan Allah.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. Ma'aikata ne da malaman makaranta, sai 'yan kasuwar da likita ya ce su rage tumbi. Duk Asabar bayan sallar asuba mukan bi ta ƙauyukan bayan gari, mu hau dutse mu sauko kafin rana ta yi zafi. Wanda ya shekara biyu yana bin sahu, akan ba shi rana guda ya ja mutane. In ya kai su ya dawo da su lafiya, ya shiga jerin jagorori. In ya ɓatar da su, sai ya koma tsakiyar layi, a shekara ana yi masa dariya. Ni kuwa babu wanda bakina ya ƙyale a ƙungiyar nan, don haka na san ranar da na faɗi ba mai tausaya mini.

Da aka sa mini rana, murna kamar in yi tsalle a gaban mutane. Na nemo usur, na nemo malafa mai faɗi, har maiɗakina ta tambaye ni ko yaƙi zan ja. Hanya kuwa na bi ta sau uku, na haddace ta tsaf: a wuce rijiya, a yanki fili zuwa wata kuka mai rassa biyu, daga nan dutsen yana kallonka. Abin da bai faɗo mini a rai ba shi ne, duka ukun da bazara na bi ta, lokacin da gonaki suke fili fetal.

Al'adarmu ce in sabon jagora zai ja tafiya, wanda ya fi kowa daɗewa shi ke bin ƙarshen layi. Wannan kuwa shi ne dattijon da muke kira Baba, tsohon ma'aikacin lafiyar dabbobi da ya tashi cikin kiwo, ya san kowane burtali tsakanin Dutse da Jahun. Ana gobe tafiya ya ce mini, "Jagora, ka sake leƙa hanyar nan kuwa?" Na ce, "Baba, ko an rufe mini ido zan kai ku." Ya ce, "To, madalla."

Da safe na busa usur muka kama hanya, ina gaba ina taku kamar wani kwamanda. Muna wuce rijiya sai na ga abin da ban gane ba. Filin nan nawa ya zama gero, kore shar, ya fi ni tsawo, ga shi ya fitar da kai. Kuka kuwa ko ganyenta ban hango ba. Na bi wata 'yar siririyar hanya ina fatan alheri, tana ƙara tsukewa, har ta mutu a bakin wata gona. Daga bayan layi wani ya ɗaga murya, "Jagora, mun kusa?" Na ce, "Saura kaɗan!" alhali ban san inda muke ba. Girman kai ya raya mini cewa in muka ratsa geron a miƙe, dole mu ci karo da kukar. Wallahi har na ɗaga ƙafa.

"Wayyo ƙafata!"

Muka juya gaba ɗaya. Baba ne zaune daɓas a ƙasa, ya riƙe ƙafar hagu. Ya ce, "Ƙaya ce. Jagora, akwatin magani a wurinka yake, zo ka duba ni. Ku kuma ku sha ruwa, kada ku taru a kaina."

Na durƙusa na cire masa takalmi, wani jibgege da ko ƙusa sai ta yi da gaske kafin ta huda shi. Na duba tafin ƙafa, na duba tsakanin yatsu. Na ce, "Baba, ban ga komai ba."

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ci gaba da dubawa, kada ka ɗago kai. Ina kukar taka?"

Na ce, "Gero ya shanye ta."

Ya ce, "In ka shiga gonar nan da wannan rundunar, abincin gidan wani za ku tattake, kuma mun gama wucewa ta ƙauyen nan ke nan. Ka ga jerin gambar can? Iyakar gona ce, ba a rasa wurin taka ƙafa a gefenta. Bi ta, za ta kai ka burtali. Burtalin kuma gindin dutsen ya nufa, don can shanu ke shan ruwa."

Kunya ta lulluɓe ni. Na ce, "Baba, don Allah ka karɓa ka ja mu kawai." Ya harare ni ya ce, "Ni? Ni yau gurgu ne. Ɗaura mini bandeji a ga ka yi aiki."

Haka na naɗe lafiyayyar ƙafa da bandeji, na miƙe na sanar cewa saboda damina za mu bi iyakar gona, ɗaya bayan ɗaya, kada wanda ya taɓa ko kara guda. Ba mu yi nisa ba sai ga mai gonar ya ɓullo da fartanya a kafaɗa, fuska ba annuri. Kowa ya waiga yana neman Baba, shi kuwa ya nuna ni da sanda ya ce, "Ga jagoranmu can." Na cire malafa na ce, "Sannu da aiki, Malam. Baƙi ne mu, izinin wucewa muke nema ta gefen gamba." Ya dubi geronsa, ya dube mu, sannan ya ce, "Da ta ciki kuka bi, da yau an ji mu. Wai me kuka ajiye a saman dutsen ne?" Na ce ba komai, hawa kawai muke yi mu sauko. Mutumin nan ya yi dariya har ya dafa fartanya, sannan ya raka mu bakin burtali da kansa.

Da muka kai ƙololuwa sai farin ciki ya kwance mini kai. Na dinga busa usur ba dalili, ina rungumar mutanen da ko gaisawa ba mu cika yi ba, har sai da aka ƙwace usur ɗin. Ga kukata can ƙasa, ga gonar mutumin a tsaye lafiya lau. Mutane sai yaba dabarar bin gamba suke yi, ni kuma ina amsawa ba kunya. A hanyar saukowa na lura Baba yana ɗingishi da ƙafar dama. Na matsa kusa na raɗa masa, "Baba, ta hagu ce." Ya ce, "Af!" Ya sauya.

Sai bayan shekaru, muna hira da sauran jagorori, na gano ba ni kaɗai ba ne. Mu huɗu ne muka taɓa naɗe ƙafar Baba, kowa yana ɓoyewa, yana zaton shi kaɗai aka rufa wa asiri.

Abin da na koya shi ne, in kana son sabon jagora ya tsaya da ƙafarsa, ka gyara masa kuskure inda ba mai ji, kuma kada ka karɓe masa gaba ko da ya roƙe ka. Yanzu gwiwa ta hana Baba hawa, ni ne nake bin ƙarshen layi. A daminar bara wata malama ta ja tafiyarta ta farko, na hango ta ta tsaya a mararraba tana juya waya a hannu. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa na riƙe ƙafa ba. Na dai tabbatar na tuna wacce ce.