Batirin da Njidda Ya Ba da Aro

Duk unguwar Briqueterie ta Yaoundé an san Alhaji Njidda mai shadda da abu ɗaya: bakinsa bai iya cewa a'a ba. Tsaninsa ya fi shekara a gidan wani, tabarminsa sun halarci suna da biki fiye da shi kansa. Mutane na yabonsa, shi kuma yabon na yi masa daɗi, ba sai an ɓoye ba.

A shekarun da rikici ya tarwatsa garuruwan kan iyaka a arewa, Hamadu, abokinsa na ƙuruciya, ya iso Yaoundé da kan keken surfani naɗe cikin bargo. Abin da ya tsira da shi ke nan. Matarsa da 'ya'yansa suna Mora a gidan dangi, suna jiran ya yi aikin sallah ya aiko su taho. Njidda ya ware masa lungu a shago. In Hamadu ya zauna kan wuyan riga, har masu wucewa sukan tsaya kallo.

Lokacin ɓarayi sun matsa, wuta kuma sai ta yini ba ta dawo ba. Njidda ya kira Taufiƙ mai gyaran lantarki ya sa masa ƙararrawar tsaro. Da aka zo kan batirin da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, Taufiƙ ya nuna wani ɗan ƙarami.

"Wannan za mu sa, Baffa. Sept ampères. A cikin akwatin ƙararrawar ake ɗaure shi, shi ke nan."

Njidda ya juya shi a hannu ya taɓe baki. "Wannan ɗan abin? Kawo babba irin na mota, ko wani ya amfana."

"Non, Baffa. Na san ka fa. Babban ba zai zauna maka ba."

Aka yi dariya, aka sayi babba. Ai kuwa kafin wata ya cika unguwa ta gano shi.

Wata Laraba aka yi rasuwa gidan Hajiya Bintu, maƙwabciyarsa, aka zo aron batir don lasifika. Ya cire da hannunsa ya bayar. Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a ya tsaya ƙofar gidan, ya ji kukan mata, ya ce a ransa wane irin mutum ne zai shiga gidan makoki neman batir? Ya yi gaisuwa ya juya. Shi da Hamadu suka ja ƙofar shago suka tafi masallaci, wuta kuwa tun hantsi babu.

Ta baya ɓarayi suka shiga, ƙararrawa ba ta yi ƙara ba. Mai sayar da zare na kusa, wanda ba ya rufewa ran Juma'a, yana zaune bakin rumfarsa bai ji komai ba. Mata na cikin gida ba su ji ba. An kwashi shadda turmi shida, an kwance kan keken an tafi da shi.

Hamadu ya daɗe yana duban teburin da keken yake a kai. Sai ya ce, "Allah ya ƙaddara, Alhaji. Kai ma ka yi asara."

Da zaginsa ya yi, da Njidda ya fi samun sauƙi. Ya yi rantsuwa zai sayi wani keken, amma kasuwa ta mutu, kaya sun daina shigowa, sallah ta zo ta wuce. Hamadu kuma ba mai zaman jiran hannun wani ba ne. Wata safiya ya yi godiya, ya tafi unguwar Etoudi neman aiki a mayanka.

Bayan wata huɗu Njidda ya bi shi can. Ya same shi yana jan fatu cikin ruwan gishiri. Ya tambayi iyali, Hamadu ya ce suna Mora tukuna. Njidda ya miƙa masa hannu su gaisa. Hamadu ya dubi yatsunsa da suka kumbura suka tsattsage, ya mayar da su bayansa, ya ce, "Bari dai, Alhaji, kar in ɓata maka riga."