Wanda Ya Taɓa Min Zane

A dandalin sada zumunta aka fara sanina da zanen barkwanci. Ina zana wa wata ƙaramar jarida da ke fitowa mako-mako a Katsina, ina kuma rubuta wa masu shaguna alluna a nan Daura, amma shafina ne ya yi min suna. In na zana ɗan acaɓa ya ɗauko mutum huɗu da akuya a hanyar Zango, kafin la'asar an yi ta turawa, har wanda ban taɓa gani ba ya tare ni a bakin kasuwa ya ce shi fa ya gane ɗan acaɓar. Ina jin daɗin hakan ƙwarai.

A takarda nake zane, da fensir sannan in bi da tawada. In na gama sai in kai shagon wani abokina da muka yi firamare tare, mai kwafi da buga takardu a kusa da tasha. Shi yake ɗaukar min zanen a kwamfutarsa, sau biyu: ɗaya kafin in sa rubutu, ɗaya bayan na sa. Editan jaridar ne yake son marar rubutun, don wani lokaci yakan gyara kalma.

Wata damina taki ya yi wuya, ko'ina ka zauna maganar ke nan. Sai na zana buhun taki yana wucewa daga hannu zuwa hannu, duk wanda ya taɓa shi sai ya ƙanƙance, har ya iso wurin manomi bai fi ƙullin gishiri ba. Na farkon layin wani mai babbar riga ne, ban yi masa fuska ba, ban sa masa suna ba. Aka yi dariya, aka wuce.

Bayan 'yan kwanaki yayana, wanda yake fataucin hatsi, ya dawo daga kasuwar Mai'adua ya zarce gidana ko wanka bai yi ba. Bai zauna ba, waya kawai ya miƙo min. Zanena ne, da sa hannuna a ƙasa. Amma a jikin babbar rigar an rubuta sunan wani Alhaji na unguwarmu, dillalin taki, an kuma sa masa magana a baki cewa rabin kayan sun riga sun tsallake iyaka. A garinmu wannan ba maganar wasa ba ce, tana iya sa a rufe wa mutum shago.

"Ba ni na rubuta ba, Yaya," na ce.

Ya ce shi ya yarda, amma a kasuwa babu wanda ya tambayi wa ya rubuta, sunana kawai suke gani.

Na daɗe ina kallon hoton. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tsaftar aikin. Babu alamar an goge wani abu, har yadda nake karkata wasu haruffa an kwaikwaya. Na ce a raina, wanda ya yi wannan yana da kwafin da babu rubutu. Kuma wurare biyu kawai na san yana nan: ofishin jaridar da kwamfutar abokina.

Washegari da hantsi ni da yayana muka je wurin Alhajin, na ɗauki ainihin takardar. Muka durƙusa muka gaishe shi a ƙofar shagonsa. Ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya, ya saurare ni har na kai ƙarshe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ji, Allah ya kyauta. Muna shirin tashi sai ya sa yatsa a kan mai babbar rigar.

"To shi wannan da ka zana, wane ne?"

Na ce ba kowa ba ne. Ya yi murmushi ya miƙo min takardata. Har yau in mun haɗu a masallaci yana amsa gaisuwata, amma ban taɓa sanin ko ya yarda ba.

Na rubuta bayani a shafina, na sa zanen gaskiya kusa da na ƙarya. Kusan babu wanda ya gani. Na ƙaryar kuwa yana ta yawo, har daga Dutsi wani surukinmu ya kira yana tambaya ko lafiya. Daga nan na fara lura da abubuwan da da ba na kula da su. Wasu sunaye marasa hoto suna zuga ni in ƙara tona asiri, wasu suna zagina, kuma da na duba sai na ga duk a 'yan kwanakin nan aka buɗe shafukan. Wani ya turo saƙo yana yaba hannuna, ya ce akwai manya da ke son in riƙa yi musu aiki, bai faɗi su wa ba. Ban amsa ba. Ba a jima ba aka toshe shafin nawa, wai jama'a sun kai ƙara. Su wane jama'a, babu wanda zan tambaya.

Na kira editan, ya rantse cewa shi kaɗai yake buɗe saƙona, sai dai in ya fita akan yi amfani da kwamfutarsa. Abokina kuwa, da na je shagon, shi ya fara jajanta min tun kafin in buɗe baki. Na yi ta kallon allon kwamfutar, inda ɗalibai da masu neman aiki da 'yan siyasa masu buga fasta suke zama a bayansa suna jira. Ya ce shawara ɗaya zai ba ni: in buɗe shafi nawa na kaina, wanda ba a cikin dandalin kowa yake ba, inda babu mai toshe ni, kuma kowane zane zai zauna da ranar da aka sa shi. Ya ce in na so a take zai haɗa min.

Shawarar ta yi min, amma saurin tayin bai yi min ba. Na ce zan yi tunani. Na koma gida na koya da kaina, da waya, a ƙarƙashin bishiyar darbejiyar ƙofar gidanmu inda sabis ya fi kamawa. Na ɓata na gyara, na sake ɓatawa. Maiɗakina ta tambaye ni me ya sa ba zan bar wanda ya iya ya yi min ba, na ce ina son in iya ne kawai. Lambar sirrin ko ita ban gaya mata ba.

Sabon wurin shiru ne. A da in na sa zane wayata ba ta hutawa, yanzu sai in wuni babu motsi. Da farko abin ya dame ni, daga baya na ga ina ƙara zama a kan takarda. Na riƙa sa hoton fensir, da na tawada, da na ƙarshe, in rubuta 'yan layuka a ƙasa in faɗi inda na ga abin da ya sa na zana. Sharhi kuma ba ya fitowa sai na amince. Wani ya rubuto ba suna, ya ce Allah ya ƙara basira, yaushe zan sake zana taki? Na karanta ya fi a ƙirga. Wataƙila manomi ne da abin ya yi wa daɗi, wataƙila kuma mai jiran in sake ba shi kayan aiki ne. Ban saki sharhin ba, ban goge shi ba.

Da kaka aka sake yi. Wani zane da na yi a kan awon hatsi aka sa wa sunan wani mutum. Wannan karon yayana bai zo gidana ba, adireshin shafin nawa kawai ya tura wa 'yan kasuwar, suka ga fensir da tawada da rana, maganar ta mutu kafin ta yi nisa. Zanen kuma da wayata na ɗauke shi, bai taɓa shiga shagon abokina ba, bai je jarida ba, amma aikin ya fito da tsafta kamar na farko. Ashe ba sai da kwafi marar rubutu ake iya yi ba. Wannan bai nuna min wanda ya yi ba, ya dai ƙara yawan waɗanda za su iya.

Kwanakin baya na je shagon don buga katin sunan ɗiyata. Abokina ya yi min barka, ya ce ya ga na daina kawo zane. Na ce wayar tana isata yanzu. Ya gyaɗa kai, ya ce yana leƙa shafin nawa, ya yi kyau, sai dai sharhi ne ba ya fitowa. Na tambaye shi ko ya taɓa rubuta wani abu. Ya ce a'a, ya dai lura ne. Na karɓi katunana muka yi sallama, na tsallaka titi na tari ɗan acaɓa.