Motar Kwana-kwana Mai Ɗingishi

A gidan hayar da na tashi a unguwar Nasarawa ta Kaduna, kowace mace da murhunta a bakin ƙofa, amma namu ne na ƙarshen mutuwa. Ba don mun fi kowa itace ba. Yayana Bulus sikila ne, sanyi kaɗan ya taɓa shi ƙasusuwansa su tashi, don haka ko an sauke tuwo Kaka ba ta yarda a janye itace. In damina ce sai ta jera masara a gefen garwashi, ta jawo 'yar kujerarta, ta miƙe ƙafafu, mu kewaye ta tun duhu bai gama rufawa ba. Yaran maƙwabta su ma su lallaɓo, wai tatsuniya suka zo ji, alhali idonsu na kan masara.

Kaka uwar Babanmu ce. Daga ƙauye ta zo jinyar ƙafa, da niyyar ta koma kafin girbi, sai ga shi a Kaduna aka binne ta. Ni take kira mijinta, Bulus kuma angonta, kuma kullum sai ta yi min gori wai ta auri miji marar cefane. In za ta fara, sai ta shaƙi tabarta, ta yi atishawa, ta ce, "Ku gyara kunne, ga ta nan tafe da ƙafarta." Mu kuma mu amsa baki ɗaya, "Ta shigo, akwai wuri."

A lokacin masaƙun Kakuri na da rai, kuma Babanmu yana aiki a ɗaya daga cikinsu. Wata Kirsimeti ya dawo da kwali a hammata. Motar kwana-kwana ce ja, da tsani a bayanta da fitila a ka. Ka zuba mata batir irin na rediyo, ka tura makunni, sai ta kama jiniya ta tafi da kanta. In ta yi karo da bango ta ja da baya ta sake hanya kamar mai hankali. Ranar farko da ta nufo Kaka, tsohuwar ta ɗage ƙafafu sama tana ihu, "Yesu! Ku fitar min da aljanin nan!" Motar ta Bulus ce, ba wanda ya yi gardama, tunda shi ba ya iya bin ƙwallo kamar sauran yara.

Ba ta daɗe da rai ba. An manta batir a cikinta wata damina, ya zubar da ruwa ya cinye ƙarafan ciki, jiniya ta yi shiru. Bulus bai damu sosai ba, ya ɗaura mata zare a gaba yana ja. Amma ranar da keken wani maƙwabci ya taka tayarta ta baya ta hagu ya farfasa, Bulus ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci.

Da yamma Kaka ta ce a kawo mata tsohon silifas ɗin Bulus, wani shuɗi da igiyarsa ta tsinke, dunduniyarsa ta cinye har ta yi kwari. Ta sa wuƙa a wuta, ta kifa gwangwanin tumatir a kan silifas ɗin, ta zagaye shi ta yanko. Ta huda tsakiya da ƙusa mai zafi, warin roba ya cika tsakar gida, ta cusa a wurin tayar. Tayar ta ɗan fi sauran girma, kuma ba ta zagayu daidai ba. Da Bulus ya ja zare, sai motar ta taho tana ɗingishi. Lokacin ciwon ya riga ya ci masa ƙugu, shi ma da ɗingishi yake tafiya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kaka, kin mai da ita irina!"

Ni ban yi dariya ba. Kunya ce ta kama ni. Da, in an fito da motar nan yaran layi roƙona suke in sa baki a bar su su taɓa. Yanzu sai suka sa mata suna gurguwa, suna cewa motar Turawa ta sa takalmin ƙauye. In Bulus ya fito yana janta, sai in tsallaka ɗaya gefen titi kamar ban san su ba, shi da motar duka.

A cikin kwanakin nan ne Kaka ta ba mu wata tatsuniya da ba ta taɓa maimaitawa ba.

Wai an yi wani yaro da ya mirgina cikin murhu tun yana jariri, wuta ta bar masa tabo a goshi. Da ya tasa sai ya bi fatake, ya tafi wani gari mai nisa, ya yi arziki. Amma duk inda ya zauna sai a kalli goshinsa kafin a kalli rigarsa. Abin ya dame shi. Ya je wurin wata tsohuwa da ke zaune a bakin kogi, ta shafa masa taɓon kogin, ta wanke, goshi ya koma sumul kamar ba a taɓa ƙona shi ba. Sai ya ɗaura kaya a jakuna ya nufi gida.

Uwarsa kuwa ta makance a bayansa. Kullum tana zaune a bakin hanya, duk matafiyin da ya tsaya sai ta roƙe shi ya sunkuyo ta shafa goshinsa. Ya iso, ya durƙusa, ya ce, "Inna, ni ne." Ta shafa. Ta sake shafawa. Sai ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo." Ta ba shi ruwa, ta shimfiɗa masa tabarma, ta tuƙa masa tuwo. Da gari ya waye ta koma bakin hanya ta ci gaba da jira.

Nan muka yi wa Kaka ca. Na ce, "Ai sai ya faɗa mata sunan akuyarsu!"

"Ya faɗa, mijina," in ji Kaka tana juya masara. "Ya faɗi sunan akuya, ya faɗi sunan rijiya, ya rera waƙar da take yi masa a goye. Ta ce, lallai ka san ɗana, a ina ka baro shi?"

Bulus, wanda ke kwance da motarsa a ƙirji, ya ce, "To me ya hana ya sake ƙona wurin?"

Kaka ta dube shi. "Ya gwada, angona. Amma hannun nan da ya yi jinyar ƙunar farko, kana ji za a ruɗe shi da ta jiya?" Sai ta karkaɗe zani ta ce, "Ta ƙare, na jefa ta a wuta. Wanda ya ga hayaƙinta ya je ya kwanta."

Na kwanta ina jin haushin makauniyar. A ganina ita ce wawuya.

Bulus bai kai ga gama firamare ba ya rasu. Kaka ta bi shi, daga baya Babanmu. Mama ta koma Sabon Tasha, kuma duk gidan da ta shiga motar nan tana kan kabad ɗinta. Da idonta ya fara mutuwa, sai na lura in za ta wuce takan miƙa hannu ta taɓa motar, babban yatsanta ya sauka a kan shuɗiyar tayar, ya ɗan tsaya a kwarin nan da dunduniyar Bulus ta bari, sannan ta wuce. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Ba zan ce ban sani ba.

Ni yanzu gyaran waya nake yi, ina da ɗan shago a bakin kasuwa, kuma ba yabon kai ba, hannuna na da kyau. Bara, gab da Kirsimeti, na ce wa Mama ta ba ni motar in goge mata ƙura. Ta ce, "Goge ta kawai, Ayuba. Ka dawo min da ita."

Da na kwance ta a shago na ga abin bai kai yadda ake tsoro ba. Wurin batir ya yi tsatsa kore-kore, na kankare, na sa sababbin ƙarafa. Siraran wayoyi biyu sun rube, na canza su na liƙe da dalma. Ɗan injin ya daskare, na ɗiga masa mai, na yi ta juya shi da yatsa har ya saki. Na samo ƙwan fitila, na ciro sifika daga wata matacciyar rediyo. Na zuba batir, na tura makunni. Jiniyar da rabona da ita tun ina ɗan gajeren wando ta cika shagon. Hawaye suka zubo min, maƙwabtan shago suka leƙo suna tafi.

A nan ya kamata in tsaya. Amma da na ajiye ta a ƙasa, tayar Kaka ta hana ta tafiya miƙe, sai ta riƙa karkata tana zagaye wuri ɗaya. Wani mai sayar da caja ya tuntsire da dariya ya ce, "Oga, motarka gurguwa ce fa." Ban san lokacin da na ɗauki filaya ba. Na fizge tayar Kaka. Robar ta bushe, ta rabe biyu a hannuna, na jefa a kwandon shara. Na tsinke zaren gaba shi ma. Washegari na tona tulin kayan wasa wurin 'yan gwanjo har na samo taya daidai da sauran, na shafa sabon fenti. Mota ta fito fes, tana tafiya sak.

Matata Saratu ta juya ta a hannu ta ce, "Ina shuɗiyar tayar?"

"Na yar."

"Mama ta sani?"

"Ba-zata zan yi mata," na ce, har da murmushina. Saratu ta ajiye motar a hankali.

Ranar Lahadi bayan an tashi coci na je. Na ajiye motar a tsakar ɗaki na kunna. Mama ta zabura, fuskarta ta washe. "Yesu! Kukanta ke nan! Ayuba, kukanta ke nan!" Tana dariya tana tafa hannu. "Miƙo min ita."

Na ɗora mata a cinya. Ta kifa ta, yatsanta ya tafi kai tsaye baya ta hagu. Ya tsaya. Ya bi sauran tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ko ta yi kuskuren gefe, ya dawo. Ta laluba gaba tana neman zare. Jiniya na ta kuka a cinyarta, tayoyi na juyawa a iska, har sai da na miƙa hannu na kashe.

"Ka yi aiki," in ji Mama. "Sannu da ƙoƙari. Allah ya yi wa hannunka albarka." Ta miƙo min da hannu biyu, yadda ake mayar wa mutum kayansa. "Ka kai wa yara su yi wasa."

"Mama, ai taki ce."

"A'a. Wannan sabuwa ce. Me tsohuwa za ta yi da sabuwar mota?" Sai ta tambaye ni ko in ɗumama min miya.

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na fita na tari keke na koma shago, ko da yake na san an kwashe sharar tuntuni. Na bi har bola, na tsaya sanye da kayan coci ina tona da sanda, mutane na wucewa suna kallona. Ban samu ba. Daga baya na samo wani tsohon silifas shuɗi, na sa wuƙa a wuta, na kifa gwangwani, na yanko. Ta fito kamar waccan, har ɗingishin. Ina riƙe da ita sai na ji muryar Kaka tana tambayar Bulus ko za a ruɗi hannun da ya yi jinyar ƙunar farko. Tayar tana cikin durowar shagona har yau, ban iya kai ta ba.

Shekara da shekaru ina ɗauka tatsuniyar nan a kan taurin kan makauniya take. Yanzu na san mutumin ba ƙin uwarsa ya yi ba. Shi a ransa ɗa mafi kyau yake kawo mata. Ni ma haka na gaya wa kaina, wai don mota ta tafi miƙe na cire tayar. Ƙarya ne. Yaran layinmu na Nasarawa nake ba amsa, yaran da wataƙila ko sunana sun manta. Na girma, na yi aure, na haihu, ashe har yanzu ina tsallaka titi don kada a gan ni da Bulus. Wannan ita ce kunyar da ke hana ni haɗa ido da Mama, ita da ba ta ma ganina.

Motar tana kan kantar shagona. Ba wanda ke shigowa bai yaba ta ba, wasu har su nemi in sayar. Mama kuwa ba ta sake ambatarta ba. Lahadin da ya wuce ina zaune a ɗakinta, ta tashi za ta kicin. Da ta zo daidai kabad, hannunta ya ɗaga da kansa, ya sauka a kan katako, babban yatsan ya ɗan zagaya a inda babu komai. Ta janye hannun, ta goge a zani, ta ce, "Ayuba, ka ci abinci kuwa?"