Sista Liatu, Wadda Ta Koya Wa Baduku Allura

Kafin ta wuce wurin aiki, Sista Liatu Zakka takan sauka daga keke a Wunti, ta ƙarasa Ƙofar Dumi da ƙafa, domin lungunmu ko babur da ƙyar yake shiga. Kowa a unguwar ya san 'yar kular da take ratayawa. Allura ce a ciki, naɗe da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙara. Shi maganin, sanyi yake so, amma in ya daskare ya lalace. A firjinta na Yelwa yake zama, mu wutarmu ba ta da tabbas.

Ni Hammadu ne, baduku, karatuna bai yi nisa ba. Wadda ake yi wa allurar 'yata ce ta fari, don haka ku yi haƙuri, sunanta ba ya fita a bakina. Haka muka taso. Ban taɓa ɗaukar ta ba tana jaririya, ba na zama kusa da ita.

Tana sakandare idonta na hagu ya dushe, ya dawo. Aka jima ƙafa ta mutu, ta farfaɗo. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wasu suka ce iska, wasu suka ce sammu. Sai a Kano, bayan hoton ƙwaƙwalwa, likita ya ce jikinta ne da kansa ke cin rigar jijiyoyinta. Ba ya warkewa. Yakan kwanta ya tashi, kuma in ya tashi, ba duk abin da ya ɗauka yake mayarwa ba. Allurar ba ta kashe shi, yawan tashinsa take ragewa. Kawunta Mansir ke aiko ta daga waje. Uwarta ba ta ga zuwan maganin ba, Allah Ya ji ƙanta.

Sista Liatu ba danginmu ba ce, ba addininmu ɗaya ba. A asibitin da take aiki ta gan ni ina jujjuya kwalin magani kamar wanda aka ba kunama ajiya. Ta tambayi kwatancen gida, shi ke nan. Tun daga ranar, shekaru ke nan, ba ta taɓa saɓa mana ba. Fati mai ƙosai ta bakin lungu shaida ce: ranar da ruwa ya cike kwalbati, takalmi ta tuɓe ta ratsa, kula a ka. Ranar da gari ya rikice, mutanenta suka ce kada ta shiga cikin gari, mayafin Fati ta ara ta shigo. Takan riƙe allurar a tafin hannu sai sanyinta ya karye, don kada ta yi zafi. In zazzaɓin bayan allura ya taso, yarinya na kakkarwa, ba ta tafiya sai ta ga ya lafa.

Bana ta yi ritaya, za ta koma Bogoro ta yi jinyar mahaifiyarta. Da ma ta koya wa yarinyar ta riƙa yi wa kanta, to amma tashin ciwon na ƙarshe ya tafi da jin yatsunta, ko cokali suɓuce mata yake yi. Ciki da cinya kuma duk sun yi tauri saboda yawan huda, sai bayan damtse ya rage. In allura ta tsaya, abin da muke tsoro ƙafafun ne.

Ta same ni a rumfa ina ɗinka kube.

"Baban Saudatu, kai za ka karɓa."

"Sista, ai kin san al'ada. A nemo wata mana."

"Na nema. Wannan ta ce nisa, waccan ta zo sau ɗaya ta ɓace. Wa zai zo ranar ruwa? Kai kaɗai ne ba ka da inda za ka."

"Hannuna rawa yake."

"Ji shi! Mutumin da ya tsufa yana huda fatar shanu da basilla? Malam, kunya tana da kyau. Amma in Saudatu ta zauna ba ta tashi ba, kunyar ce za ta kai ta banɗaki?"

Na ajiye kuben, na ce ta koya mini. Ta sayo lemon zaƙi, ta sa ni ina ta tsira masa allura har ya zama rariya, tana faɗa, tana dariya. Ranar ta ƙarshe ta tsaya a bayana, ba ta sa hannu ba. Na goge bayan damtsen yarinyar, na tattaro fatar da yatsu biyu. Ashe haka damtsen nan ya rame ban sani ba. Da na zare allurar, yarinyar ta ce, "Baba, ba zafi." Na ga yadda ta cije leɓe.

Sista Liatu, ke ce kika shigo gidan da dangi suka gaji da zuwa. Ke ce ba ki taɓa yi mana ƙaryar za ta warke ba, ba ki kuma bari mun yanke ƙauna ba. Giwa mai tafiya ba ƙara, Allah Ya saka miki, Ya ba mahaifiyarki lafiya.

Ku masu farin kaya da ke tasowa, akwai irinmu a lunguna da yawa, ku riƙa tambayar kwatance. Ku kuma iyaye maza irina, kada ku jira sai an zo an yi muku faɗa a rumfa.

Sista ta tafi. Ta bar mana maganin a firjin abokiyar aikinta Dorcas, ni nake zuwa ɗauka. Ban san ko kwalin gaba zai iso ba, ban san ranar da ciwon zai sake tashi ba. Yau dai da safe na yi mata, ni kaɗai, kuma da ƙafarta ta fita tsakar gida ta yi alwala.