Mikin da Na Gani a Ƙeyar Jan Wuya

Ranar Talata, ashirin da uku ga watan Yuli, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran abokinmu mai gyaran keke, wanda kowa ya sani da Jan Wuya. Ya rasu a gadon asibiti yana da shekara arba'in da bakwai, bayan ya yi wata goma sha tara yana jinyar sankarar fata. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku. Wanda Ya ba mu shi Ya karɓi abinsa, mu ma wurinsa za mu koma.

Jan Wuya, ina tsakiyar yi wa wani dattijo aski a shagona matarka ta kira ni. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, "Abokinka ya huta." Na kashe kilifa na tsaya riƙe da ita, har dattijon ya cire tawul daga wuyansa da kansa, ya ce in je, rabin kan zai jira.

Shekara ashirin da biyu ke nan da na fara shiga rumfarka da keke a kafaɗa, ƙafar baya ta lanƙwashe. Kai zabiya ne, idonka ba ya gani sosai, sai ka kawo abu dab da hancinka. Na yi shakkar ba ka aikin. Ka kifa keken, ka juya ƙafar, ka kara kunne, yatsunka suna bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kafin in gama waige-waigen neman wani mai gyaran, ƙafar ta miƙe. Daga ranar ban sake kai kekena wani wuri ba, kai ma ba ka sake kai kanka wani shagon aski ba.

Kowa ya san dokar rumfarka: in keken guragu ya shigo, duk aikin da ke hannunka sai ya jira, ko na wane ne, kuma ba ka karɓar komai. Na taɓa ganin wani mai keken tsere yana faɗa a kan haka. Ka miƙa masa sifana ka ce, "Kai kana da ƙafar komawa gida."

Da muka kafa ƙungiyar hawan keke, muna fita doguwar tafiya duk Asabar, kai ka zaɓi rufe baya. Ka ce idonka bai isa jan gaba ba, amma kunnenka yana jin sarƙar da za ta tsinke tun kafin ta tsinke. Duk wanda tayarsa ta sace, ko birkinsa ya kama, ko ƙarfinsa ya ƙare, kai ne za ka tsaya da shi. Saura su isa inuwa su huta, kai kana bakin kwalta kana faci. A cikinmu babu wanda ya kai ka daɗewa a rana, kuma babu wanda rana ta fi yi wa illa. Ba mu taɓa haɗa waɗannan biyun a ranmu ba.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa, ko da zai rage mini daraja a idon mai karatu. A bazarar farko ka zo da riga mai dogon hannu, da ƙyalle a ƙarƙashin hular kwano wanda ya sauko ya rufe maka wuya, da wani mai na kariya daga rana da wata ma'aikaciyar jinya ta ba ka. Ka tsaya kana shafawa a fuska da kunne. Muka yi ta dariya. Dogo, wanda yake ja mana gaba, ya ce a kawo maka madubi da hoda. Ni kuma na ce, "In ka gama kwalliyar ka same mu a gaba." Ka yi dariya tare da mu. Asabar ta gaba ka zo da riga mai gajeren hannu irin tamu, babu ƙyalle, babu mai. Haka ka yi shekara goma sha uku.

Duk ranar da muka dawo, wuyanka ya yi jajir, kwana uku yana saɓa. Daga nan muka laƙaba maka sunan. Ka karɓa da murna, ka ce ai jarumi ake kira haka, har ka sa aka rubuta maka shi a allon rumfa.

Ba na mantawa da ranar da sarƙata ta tsinke da tsakar rana, mun yi nisan kilomita sittin, babu ko bishiya ɗaya. Kwalta tana narkewa a ƙarƙashin takalmi. Ka durƙusa kusan minti arba'in, kanka a sunkuye, ƙeyarka a buɗe, kana haɗa sarƙar da yatsu. Ni ina tsaye a kanka ina shan ruwanka, domin nawa ya ƙare. Ko rigata ban cire na tare maka ba.

Duk bayan mako biyu kana zama a kujerata. Ni ne mutumin da ya fi kowa ganin ƙeyarka, har da kai kanka. Wata rana na ga wani wuri mai kaushi a bayan kunnenka na dama, bai fi farce girma ba. Kilifa ta taɓa shi, ya yi jini. Na tambaye ka, ka ce maɗaurin hular kwano ne yake gogarka. Na goge da auduga, na zagaye wurin. Zuwa na gaba ya yi ɓawo, na bayansa ɓawon ya faɗi, miki ya fito ya ɗan ƙara faɗi. Wata tara ina zagaye wannan miki. Har na ƙware wajen bar maka gashi a gefensa don ya rufe. Matarka ta taɓa tsayawa a ƙofar shagona ta ce, "Kai da kake ganin bayan kansa, yaya wurin nan?" Na ce mata yana warkewa. Na san ba ya warkewa. Tsoro nake ji in faɗa ya zama gaskiya.

Sai da kaluluwa ta fito maka a wuya ta ƙi sauka sannan ka yarda aka je wurin likitar fata. Ni na raka ka. Ta duba, ta tambayi tun yaushe, ka dube ni, na ce kusan shekara. Ta ce da a farkonsa aka zo, aikin minti ashirin ne. Yanzu ya shiga wuya. Aka yi tiyata, aka cire rabin kunnen, aka yanko fata daga cinyarka aka rufe wurin. Aka yi ta gasa wurin da na'ura har muryarka ta dushe.

Ba ka sake hawa keke ba. Amma Asabar ɗin farko da ka iya tsayuwa, muka tarar da kai a gaban rumfa da sassafe, zaune a kan benci, da bandeji a wuya da kwalin man kariya a cinya. Ka ce babu wanda zai tashi sai ya shafa. A wannan karon babu wanda ya yi dariya. Kana kiran mu ɗaya bayan ɗaya, kana kawo fuskarka kusa kana dubawa: saman kunne, ƙeya, hanci, leɓe, bayan hannu, da ɗan wurin da ke tsakanin safar hannu da hannun riga. Masu sanƙo ka ce su shafa a kai, domin hular kwano tana da ramuka. Ka ce a nemi mai lamba hamsin, a shafa tun kafin a fita, kuma kar a kai shi dab da ido, gumi zai kwaso shi. Wani ya ce mu baƙaƙe ne, rana ba ta cin mu. Ka ce, "Fatarku ta fi tawa juriya, amma fata ce. Ni ta yi sauri da ni, ku tana bin ku a hankali."

Kai ka mayar da fitarmu zuwa ketowar alfijir, don mu dawo kafin rana ta take. In muna hanya, duk bayan awa biyu sai wayar Dogo ta yi ƙara. Mu tsaya, mu ji dusasshiyar muryarka: "Gumi ya wanke na ɗazu. Ku sake." Ko da hadari ne sai ka kira, ka ce girgije ba ya tare ta. A irin dubawar da kake mana kafin mu tashi ka ga tsagewa a leɓen Dogo na ƙasa wadda ta yi wata biyu ba ta rufe ba. Ka hana shi hawa, ka ce sai ya kawo maka takardar likita. Ya je yana gunaguni. Aka ce an kama abin da wuri, aka yanke. Yau Dogo yana nan da ɗan tabo a leɓe. Shi ya shiga kabarinka ya karɓe ka.

Ciwon ya dawo bayan wata goma sha ɗaya. Ba zan ɓoye yadda ya yi da kai ba, domin kai ka ce kar a ɓoye. Mikin ya sake buɗewa ya ci gefen wuya. Ka daina iya juya kai, sannan ka daina haɗiya, aka sa maka roba ta hanci. Ɗakin yana da wari, kana sane, kana ba masu zuwa haƙuri. A makon ƙarshe ka ce kar a sake shigo da yaran.

Kwana biyar kafin rasuwarka ka aika in zo da kayan aski. Ina cikin yi maka askin na faɗa maka duk abin da na rubuta a nan: dariyar, da wata taran, da ƙaryar da na yi wa matarka. Ka daɗe kafin ka tattaro murya. Ka ce, "Likita ta ce rana ta fara da ni tun ina goye. Ku dariya kuka yi, ni na cire rigar." Na ce duk da haka. Ka ce, "To na yafe. Amma duk kan da ya zo hannunka, ka duba bayan kunne. In ka ga abu, ka faɗa, ko mai kan zai zage ka." Sannan ka ce in gyara maka gefen hagu, bai yi daidai ba.

Bayan an rufe ka na nemi ganin matarka, na gaya mata cewa ranar da ta tambaye ni ban faɗa mata gaskiya ba. Ta ce, "Na sani. Ni nake wanke rigar matashinsa, ina ganin jinin. Na tambaye ka ne don ka ce mini yana warkewa." Autarku, wadda ta ɗauko fatarka, ta shigo ta tambayi mahaifiyarta ko in ta girma za a ba ta keken Baba. Na tashi na yi musu sallama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi wata goma sha tara tana wanke miki ba ta taɓa kawar da kai ba, da 'ya'yanka uku, da mahaifiyarka da ta tsufa ta ga wannan rana, da 'yan uwanka, da 'yan ƙungiyarmu, da guragun da har yanzu suke tsayawa a gaban rumfa suna tarar da ita a rufe. Allah Ya ba su haƙurin da ya kai girman rashin. Ya raya marayunka, Ya tsare fatarsu da lafiyarsu.

Allah Ya jiƙan ka, Jan Wuya. Ya sa abin da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka. Ranar da za a kusanto da rana bisa kawunan bayi, Allah Ya sa ka a cikin inuwarsa. Mu da muka rage, Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.