Rigar Hafsan Doki da Alhaji Braimah Ya Bari

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu tattara. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, bayan la'asar, Alhaji Braimah Assibi, mutumin zangon Kumasi, ya rasu a wani asibiti a nan Greensboro ta ƙasar Amurka. Ya bar matarsa Hajiya Memunatu da 'yarsu Nadia.

Kafin in yi maganarka, Alhaji, bari in jinjina wa mutanen ƙasar nan. Mu in mutum ya mutu, kafin arba'in an rabar da rigunansa. Su kuwa, da yake Allah Ya ba su basira, sai su sa rigar mamaci a gilashi, su kunna mata fitila, su yi ta ciniki a kan guminsa. Hudar asu ma farashinta daban. Ni Isiyaku, da na girma a Kantin Kwari ina rantsuwa kaya sabo ne, sai da na zo nan na ga kasuwar da ake rantsuwa kaya tsoho ne.

A wannan kasuwa ka tare. Ka kamu da son tarkacen wani shahararren hafsan sojan doki, mai dogon gashi, wanda ya ja mutanensa suka halaka a yaƙi da 'yan asalin ƙasar nan. Maɓallin tagulla, igiyar kafaɗa, ƙarfen ɗamara, har Allah Ya haɗa ka da wata shuɗiyar riga ta ulu da aka ce ya taɓa sawa. Na sha ce maka, “Alhaji, duk jaruman duniya ka rasa na bi sai wanda aka ci da yaƙi?” Sai ka ce, “Isiyaku, kai ma ai kullum faɗuwa kake kuka da ita, kuma ban daina bin ka ba.”

Gaskiyarka. Kai ka ɗauko ni a tashar bas ta cikin gari ranar da na sauka da jaka ɗaya, ba ka san ni ba, ka ji ina waya da Hausa ne kawai. Ka ba ni ɗaki a East Greensboro, ka nuna mini kasuwar gwanjon ƙarshen mako inda nake da tebur har yau. Duk Juma'a wake da shinkafar Hajiya ba ta wuce ni. Ɗaliban jami'a da ka kai filin jirgi a tasinka kyauta ba su ƙirguwa. In sun miƙo kuɗi ka ce su sayi littafi.

Wata rana da na matsa da tsiya, ka gaya mini dalili. Kakanka soja ne, ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa ya dawo. Da ya rasu aka yi sadaka da kakinsa kamar sauran kaya, ko maɓalli ɗaya ba ka gada ba. Daga ranar na rage dariya, amma ban daina ba.

Da ciwo ya yi nauyi, ka fitar da rigar daga gilashi a gidanka na McLeansville, ka naɗe ta a farin ƙyalle ka sa cikin kayanka. A asibiti ka riƙe hannuna ka ce, “Ka je ka ɗauke ta ka kai wa Gregory. Ya daɗe yana nema. Abin da ya bayar na karatun Nadia ne. Kada ruwa ya taɓa ta.” Gregory Bature ne, abokin tarin kayanka. Hajiya kuwa ba ka taɓa gaya mata darajar rigar ba, don gudun faɗan da kuke yi duk sa'ad da ka shigo da sabon tsohon kaya.

Na ce to. Amma ɗan kasuwa ba ya sayarwa ga mai tayin farko. Na ce bari in ɗan zagaya, in ji ta bakin wasu, in sa Gregory ya ji tsoro ya ƙara. In kuma an samu ƙari, dillali ba ya tashi hannu rabbana. Rigar tana gida, ina za ta? Ina cikin zagayen aka kira ni cewa ka cika. Bayan jana'iza kuma na ji kunyar shiga gidan makoki in tambayi kayan sayarwa.

Ranar addu'ar bakwai Hajiya ta fito da kayanka, an wanke an goge, ana ba kowa nasa don ya sa ya yi maka addu'a. Da aka zo kaina ta miƙo mini leda da hannu biyu.

“Malam Isiyaku, wannan ya fi so a duniya, kai kuma ya fi so a cikin mutane. Da ransa ya hana ni wanke ta, amma ba zan yi wa mijina sadaka da gumin wani ba. Sau biyu na sa ta a injin wanki. Na ɗinke hudar da ke jikinta, maɓallan ma ka ga yadda suke ƙyalli.”

Na gani. Ulun ya tsuke, shuɗin ya koɗe, tana ƙamshin turaren wuta. Bakina ya ce, “Allah Ya saka da alheri, Hajiya.” Washegari na kai wa Gregory. Ya buɗe ledar, ya nemi kujera ya zauna. Daga baya ya tambaye ni wa ya yi haka. Na ce ni ne, kuma ban yi ƙarya ba.

Alhaji, Hajiya ba ta da laifi. Abin da uwarta ta koya mata ta yi, kuma ta yi shi da tsabta. Ni ka ba amana. Na gaya wa limaminmu cewa karatun Nadia ya hau wuyana, teburina da motata shaida, ko da yake na san ba su kai kuɗin hannun rigar ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya tufatar da kai da tufar Aljanna. Ya ba Hajiya Memunatu da Nadia da dangi na Kumasi haƙuri, da dukkan jama'armu ta Greensboro.

Har yanzu Hajiya ba ta sani ba. Jiya ma ta aiko a tambaye ni ko rigar ta yi mini daidai. Na tsaya a ƙofarta na kasa gaya mata, shi ya sa na rubuta. Nadia ba ta karanta Hausa, ita kuma Hajiya sai an karanta mata. To jama'a, ku da kuka fi ni gaskiya, wa zai karanta mata?