Gwaggo da Jinin da Ya Daskare

Jiya a kasuwar Ƙaraye wata mata ta zube tafarnuwa kusa da ni, warin ya tuno mini da Gwaggo, yayar mahaifina. Ita ba ta ba mutum magani sai ta fara kurɓa a gabansa.

A zamanin Turawa ne, shekarar da matata Hajara ta haihu a Jajaye. Kwana tara da haihuwa ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi. Gwaggo ta taso a ƙafa daga Ƙaraye, ta latsa sharaɓar, ta ce, "Jini ne ya daskare a jijiya."

Na ce, "Gwaggo, ko mu kai ta asibitin Kano?"

Ta ce, "A kan jaki? Ɗana, ba za ta kai ba."

Ta daka tafarnuwa da citta, ta tafasa da ganyen sabara. Ɗakin ya cika da tururi mai yaji. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, sannan ta ba Hajara. Kwana uku kumburin yana saɓewa, har muka fara murna. Ran na huɗu da hantsi Hajara ta dafe ƙirji, numfashi ya gagara. Kafin azahar ta cika.

Gwaggo ta goya jaririyar, ta raine ta har yaye. Mata sun yi ta zuwa neman magani, tana ce musu, "Ku yi haƙuri, na daina." Ban taɓa ce mata ba laifinta ba ne ba, har ta rasu.

Allah Ya haskaka kabarinta, Ya sanar da ita ban riƙe ta da komai ba.